Mun Juya Wa Malama Baya

"Ba mai shiga," in ji Auta. Ya tokare ƙofar da hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da kwalbar magani da ya manta bai ajiye ba. "Yau kam ba mai shiga. Kowa ya kama gabansa."

Mu uku ne tsaye a ƙofar gidan Malama: ni maƙwabciyarta ta jikin katanga, da Tela, da Mai Agogo. Tela ta gyara zaman jakarta a kafaɗa, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Yau fa Laraba ce, Baba Auta."

"Na sani. Ba ke kika ƙirƙiro Laraba ba."

"Laraba kuwa ranarmu ce."

"Ranarku ta ƙare. Mace na kwance rai a hannun Allah, ku kuna zancen ranarku. Ku ji tsoron Allah mana!"

Mai Agogo ya sunkuyar da kai. Idonsa na kan takalminsa, yatsunsa na murza maɓallin rigarsa kamar zai cire shi.

Auta ƙanin Malama ne. Gemunsa ya yi furfura, yana da babban shagon siminti da rodi a bakin titi, yaransa na rusuna masa. Amma tunda yayarsa ba ta taɓa kiransa da wani suna ba, mu ma 'yan layin Auta muka san shi. Tun ranar da aka dawo da Malama daga asibiti, likitoci suka ce a kai ta gida ta huta, shi da matarsa suka tare a gidan. Ya karɓi makulli, ya karɓi magani, ya karɓi ikon wanda zai shiga da wanda zai fita. Ba mugu ba ne. Yana son ta ne irin son da yake toshe wa mutum numfashi.

Malama ta yi shekarun aikinta a asibiti tana sauraron mutanen da ciwonsu ba ya fita a gwajin jini. Da ta yi ritaya sai ta kwashe kayan falonta na gaba, ta sayo kujerun roba, ta ce duk babban da yake jin kamar shi kaɗai aka ƙera daban a cikin mutane, ya zo ranar Laraba da yamma. Abin da ya sa layinmu ya kasa yafe mata shi ne yadda take jera kujerun. Ba ta yin da'ira. Layi ɗaya take yi, kowace kujera na fuskantar bango, ita ma ta zauna a ƙarshen layin tana kallon bangon.

"Ido yana da nauyi," haka take cewa. "Magana ma tana da nauyi. Wasu ba sa iya ɗaukar biyun lokaci guda, sai a sauke musu ɗaya."

Dokokinta ba su da yawa. Ba a waiwaye. Ba a ce wa mai magana ya yi haƙuri, ba a ce masa ai ba komai. Idan ya gama, sai a ce, "Na ji." Shi ke nan.

Masu leƙe ta taga suka ga manya jere suna kallon bango kamar yaran da aka yi wa horo, suka raɗa mana 'Yan Baibai. Tela ta ce sunan ya yi mata, har ta so ta ɗinka mana shi a riga.

Ita Tela fatarta ce ta yi fari-fari a fuska da hannuwa, kamar an yayyafa mata madara. Mata na kawo mata ɗinki saboda babu mai hannunta a duk unguwar, amma idan ta miƙa musu ruwa sai su ce yanzu suka sha. Mai Agogo kuwa hayaniya ce ba ya iya ɗauka, idon mutum kuma ƙona shi yake kamar wuta. Ya kusa shekara hamsin, danginsa har yau suna cewa girman kai ne. Ni ba abin da ake gani a jikina. Kawai a tsakiyar taro nakan ji kamar an kifa mini gilashi, ina ganin bakuna na motsi, ana dariya, ni ina neman inda abin dariyar yake. Mamata takan ce littattafai ne suka cinye ni. Wata rana Malama ta jiyo kukana ta katanga, ta ƙwanƙwasa bangon da cokali ta ce, "Maƙwabciya, idan kin gama, akwai kujera ɗaya da babu kowa a kai."

Abin da ya kawo mu yau ba gaisuwa ba ce. Kwana biyu da suka wuce na shiga duba ta, na tarar da ɗakin cike da dangi, idanu ta ko'ina a kanta kamar fitilu. Kowa ya shigo sai ya ce, "Ah, yau kin fi jiya!" ita kuma ta yi murmushi ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Da na durƙusa zan yi mata sallama, ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba, ta raɗa mini a kunne: "Maƙwabciya, akwai magana a bakina, amma idanu sun yi yawa." Na fita na gaya wa sauran. Duk wanda ya ga hannun nan nata ya san ba ta da Larabobi da yawa a gaba.

"To," in ji Tela. "Tunda ba mai shiga, ba mai tafiya."

Ta share dakalin ƙofar da gefen mayafinta ta zauna, ta miƙe ƙafafu. Na zauna kusa da ita. Mai Agogo ya zauna a ƙarshe. Muka jera muna kallon titi.

Ba a jima ba mai kanti ya leƙo. Mai wanki ya tsaya da guga a hannu. Wata mata ta rage tafiya har ta kusa tsayawa.

"'Yan Baibai, yau bangon ya kore ku ne?" in ji mai kanti.

"Fenti ake masa," Tela ta ce. "Shi ya sa muka fito kallon fuskarka, ita ma duk ɗaya ce."

Mai wanki ya tuntsire da dariya. Auta ya yi ƙasa da murya. "Ke baiwar Allah, ki rufa mini asiri. Kin tara mini jama'a a ƙofar gida."

"Ni na tara su? Kai ka rufe ƙofa."

Sai matar Auta ta fito tana goge hannu da zani. Mace ce mai sanyin hali, ba ta cika ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban yara, tun safe ba ta ce komai ba sai tambaya ɗaya. Wai yau Laraba ce? Na ce eh. Ta juya kai ta ƙi shan maganin."

Auta ya dubi kwalbar da ke hannunsa, ya dubi masu kallo, ya yi tsaki. "Ku jira. In dai za a shiga, a shiga kamar mutane."

Da ya kira mu, sai muka ga abin da ya yi. Wallahi da kyakkyawar niyya ya yi shi, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ɗauko kujerunmu daga falon gaba, ya goge su, ya kewaye gadon da su, kowace na fuskantar Malama, dab da ita. Ya ɗaga labule don haske ya faɗi a fuskarta. Akwai 'yan uwansu mata biyu a kan tabarma, da wani dattijo ɗan baffansu a bakin ƙofa.

"Ga wuri nan," ya ce. "Ku gan ta da kyau, ku gaishe ta, ku tafi."

Muka zauna. Malama ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa. Ɗakin na warin magani da man shafawa. Ta ɗago ta yi mana murmushin nan na baƙi, wanda ban taɓa ganin ta yi mana ba.

"Sannu, Malama," na ce. "Ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na ji kamar an mare ni. Na sha karanta yadda masu barin duniya ke faɗin manyan kalmomi ana kewaye da su ana hawaye, har nakan yi kuka a kan shafi. Ba wanda ya gaya mini cewa kewayewar ce ma kan hana maganar fitowa. Ga matar da ta kwance wa mutane da yawa harshe, mun zo mun zama idanu shida a kan waɗanda suka riga suka danne ta. Gumi na tsattsafowa a goshin Mai Agogo. Agogon bango na ta bugawa.

"To, an gaisa," in ji Auta. "Allah ya ba da lada."

A nan ne Mai Agogo ya miƙe. Mutumin da ban taɓa ganin ya fara yin wani abu kafin kowa ba, wanda ko shiga ƙofa sai ya bari an riga shi. Ya ɗaga kujerarsa da hannu biyu, ya juya ta, ya ajiye a hankali, ya zauna fuskarsa na kallon bango, bayansa na kallon gadon.

Tela ta sauke numfashi, ta juya tata da ƙara. Ni ma na juya tawa, hawaye na zubo mini.

"Inna lillahi!" ɗaya daga matan ta ce. "Me nake gani haka?"

"Baya kuka juya mata?" Muryar Auta ta fashe. "A ɗakinta? Tana kwance? Matar da ta buɗe muku gidanta lokacin da kowa ke muku dariya, yau ita kuke juya wa ƙeya?"

"Ai dama an faɗa," in ji dattijon. "Ba lafiya gare su ba."

"Lafiyarmu ƙalau, Baba," Tela ta ce wa bango. "Kai dai ka kula da sandarka."

Na ji takun Auta, na ji ya kama bayan kujerar Mai Agogo yana ja. Ƙafafun robar suka yi ƙara a kan siminti. Ta gefen ido na ga Mai Agogo ya riƙe hannayen kujerar gam, idanunsa a rufe, jikinsa na karkarwa kamar mai zazzaɓi. Na san ihun nan yana shiga kansa kamar ƙusa.

"Tashi, malam! Tashi ka fita!"

"Ba zan tashi ba." Muryarsa ƙarama ce, amma ba ta karye ba. "Sai dai ka ɗauke ni da kujerar. Kuma in ka ajiye ni a waje, zan dawo."

"Auta."

Muryar Malama ce, amma ba ta baƙi ba. Muryar Laraba ce.

"Saki kujerar mutane."

"Yaya, kina ganin abin da..."

"Ina gani. Shi ne abu mai kyau na farko da na gani tun da aka kwantar da ni a nan. Wanda zai zauna ya juya. Wanda ba zai iya ba, ya je ya sha iska, ban ji haushinsa ba."

Matan biyu suka naɗe tabarmarsu suna gunaguni. Dattijon ya bi su yana buga sanda. Matar Auta ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta fuskanci bango. Saura shi.

"Ina jin idonka a goshina, Auta."

"Haba Yaya. Ta yaya zan juya miki baya?"

"Yadda kake juya mini in na aike ka kana yaro. Ai ka ƙware."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce wa Tela. Na ji Auta ya ja dogon numfashi, sannan na ji motsin rigarsa. Bai zauna ba. Ya tsaya yana fuskantar ƙofar kabad, kamar wanda aka tilasta wa ɗaukar hoto.

Shiru ya sauka. Irin shirun da muka sani, wanda ba ya matsa wa kowa. Ina kallon inda fentin ya ɗan kumbura, ina jin numfashinta yana hawa yana sauka a bayana.

"Tsoro nake ji," in ji Malama.

Ba wanda ya motsa.

"Mutuwa nake yi. Na sani, likita ya sani, kai ma ka sani, Auta. Amma kowa ya shigo sai ya ce na fi jiya, ni kuma in taya shi. Na gaji da wannan aikin. Ya fi ciwon gajiyar da ni. Ina so in ji tsorona a fili ko sau ɗaya, ba tare da na lallashi kowa ba."

"Yaya, ki daina wannan magana, in sha Allahu za ki..."

"Ba a faɗin haka a nan," Tela ta katse shi, amma a hankali.

"To me ake faɗi? Ku gaya mini! Yayata na cewa za ta mutu, me zan ce?"

"Na ji," in ji Mai Agogo. "Shi kawai ake cewa."

Auta bai faɗa ba.

Malama ta huta, sannan ta ci gaba. "Kuna zaton don ku na jera kujerun nan? Don kaina na fara. Tun ina yarinya ido ke tsorata ni. Mamanmu ta yi ta faɗa, wai in dubi mutane in suna mini magana, wai na cika jin kai. Sai na samo dabara. Auta, ban taɓa kallon idonka ba."

"Kamar yaya?"

"Kunnenka na hagu nake kallo. Shekara da shekaru. Duk wanda na yi wa magana a duniyar nan, da kunnensa na yi. Naka na fi sani. Yana da ɗan tabo a sama, inda ka faɗo daga keke. In ka yi ƙarya sai ya yi ja. Tun da aka dawo da ni gida jajir yake."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Auta, ban san ko dariya ba ce ko kuka, ina jin shi ma bai sani ba. Sai na ji goshinsa ya bugi ƙofar kabad a hankali.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Kana kallona."

Ta yi magana mai tsawo bayan nan, tana yi tana hutawa. Ta ce ba barin duniya ne ya fi ba ta tsoro ba, lokacin da numfashi zai ƙi zuwa ne. Ta ce ba ta son a cika mata ɗaki a ranar. Ta ce tana son mutum ɗaya a gefenta, ba a gabanta ba, ya riƙe mata hannu ya kalli taga, in ta yi kuka kada ya hana ta. Ban taɓa son wani mutum kamar yadda na so ta a wannan yammacin ba, kuma tun da na juya kujera ban ga fuskarta ba ko sau ɗaya.

"Na gama," ta ce.

"Na ji," in ji Mai Agogo.

"Na ji," in ji Tela.

Ni ma na faɗa. Matar Auta ma ta faɗa, kamar ta saba.

Muka jira. A waje wani yana ta danna hon, mai wanki na kiran wani ya zo ya karɓi kayansa. Da kalmar ta fito daga bakin Auta, kamar an ciro ta ne da filaya.

"Na ji, Yaya."

"Madalla. Kawo maganin nan in sha. Kuma falon gaba, in na tafi, kada ka kuskura ka zuba mini siminti a ciki."

Ba ta kai wata Larabar ba. Da hantsi ne, ina shanya a tsakar gidanmu, na jiyo salatin matar Auta ta katanga. Rigar da ke hannuna ta faɗi ƙasa, na bar ta a nan. Daga baya matar ta gaya mini cewa tun ranar da muka zo Auta ya ja kujera gefen gadon, ya fuskanci taga, ya hana kowa shiga sai ɗaya-ɗaya. Dangi sun yi fushi, ya ce su yi. Hannun Malama na cikin nasa har ƙarshe, bai waiwaya ba sai da ya ji ta sake shi.

Kafin rana ta take gidan ya cika. Ina shiga da Tela sai na ji raɗa na bin mu.

"Su ne fa. Su ne suka juya mata baya tana kwance."

Tela ta tsaya cak a tsakiyar matan, ta janye mayafi daga fuskarta don kowa ya gan ta sosai.

"Mu ne," ta ce. "Da wata magana?"

Matan suka kawar da kai, muka wuce.

Ban zaci Mai Agogo zai iya zuwa ba, ga jama'a, ga koke-koke, ga kowa na miƙa hannu. Amma na hango shi yana ratsa mutane, kafaɗunsa a ɗage, kansa a ƙasa, kamar mai keta ruwan sama. Bai tsaya wurin maza ba. Ya wuce can bayan gida inda famfo yake.

Auta na tsaye a wurin shi kaɗai. Kofin Malama yake wankewa. Kofin ya daɗe da fita, amma yana ta juya shi a ƙarƙashin ruwan, ruwan na fallatsa masa a takalmi da bakin wando. Mai Agogo ya je ya tsaya a gefensa, kafaɗa kusa da kafaɗa. Ba wanda ya dubi wani. Ruwan na cika kofin yana malalowa ta kan yatsun Auta, yana bin siminti a hankali zuwa magudana, su biyun suna kallonsa.